Kyauta Ko Toshiyar Baki? Saɓanin Al'adu Game Da Rashawa A Hukumomin Wasanni Na Duniya

Gabatarwa

A cikin watan Yuli na shekarar 2018, tashar BBC ta nuna wani hoto mai motsi da aka ɗauka a asirce. A ciki an ga Salisu Yusuf, wanda a lokacin yake mataimakin Gernot Rohr wajen horad da ƙungiyar Super Eagles, kuma yake jagorancin 'yan wasan gida, yana karɓar kuɗi daga hannun wasu mutane da suka ce su wakilan 'yan ƙwallo ne. Ashe 'yan jarida ne masu aiki da ɗan ƙasar Ghana ɗin nan, Anas Aremeyaw Anas, kuma tun watan Satumba na 2017 suka ɗana tarkon. Sun roƙe shi ya sa wasu 'yan wasa biyu cikin waɗanda za su tafi gasar 'yan wasan gida ta Afirka da za a yi a Moroko a 2018. Shi dai Salisu bai yi musun karɓar kuɗin ba. Abin da ya ce shi ne kyauta ce 'yar kaɗan aka yi masa, dala 750 ce ba dala 1,000 ba, kuma 'yan wasan nan biyu cancantarsu ce ta kai su.

Salisu ba baƙo ba ne ga mutanen Jihar Kano, domin ya taɓa horad da Kano Pillars. Don haka irin wannan labari ba ya tsayawa a birni. Yakan kai har gidajen kallon ƙwallo da majalisun hira na Kiru da Kwanar Ɗangora da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, kuma duk inda ya sauka sai mutane su rabu gida biyu: wasu su ce ai ba a mayar da hannun kyauta baya, wasu su ce ruwa ba ya tsami banza. Wannan gardama ta bakin titi ita ce dai wadda manyan lauyoyi suka yi ta tafkawa a Zurik da Lozan da Faris. Sau da yawa in an kama wani shugaban wasanni daga Afirka ko ƙasashen Larabawa, sai a ji ana cewa al'adarsu ce haka, ba su san bambancin kyauta da rashawa ba. Wani lokaci Turawa ke faɗin haka don raini, wani lokaci kuma wanda aka kama ɗin shi ke faɗi don kāre kai. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a auna wannan magana da ma'aunin Hausa, a ga ko tana da nauyi.

Sunayen Kyauta A Bakin Bahaushe

Duk wanda zai ce Bahaushe bai san bambancin kyauta da rashawa ba, to, lalle bai tsaya ya saurari harshensa ba. Da wuya a sami wani fanni na zaman jama'a da Hausa ta yi wa rabe-rabe kamar wannan. Abin da na ƙasa ya kai wa na sama shi ne gaisuwa. Abin da na sama ya ba na ƙasa alheri ne ko ihisani. Abin da aka ba ɗan aike da ya kawo kyauta shi ne tukwici. Matafiyi yakan dawo da tsaraba, maƙwabci yakan kai gudummawa, mace takan yi wa ƙawarta biki, saurayi yakan ba budurwa toshi, dillali kuwa la'ada yake karɓa. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi ta bayyana wa ke bayarwa, wa ke karɓa, da kuma abin da ake sa rai zai biyo baya. Biki, alal misali, bashi ne wanda ba a rubuta ba, amma ba a manta shi. Wadda aka kawo wa ta san ranar da za ta mayar, har da ɗori.

Daga gefe guda kuma, can nesa da waɗannan, harshen ya ajiye wasu sunaye uku waɗanda babu mai so a jingina masa su, watau cin hanci, da toshiyar baki, da rashawa, wadda aka aro daga Larabci. Abin lura a nan shi ne toshi da toshiyar baki tushensu ɗaya, duka daga toshewa suke, amma ɗaya abin ado ne a neman aure, ɗayan kuwa abin kunya. Ashe ke nan ba a jikin kuɗin bambancin yake ba, yana ga abin da aka toshe.

Filin dambe da na kokawa su ne suka fi fito da wannan bambanci sarai. A garuruwan kudancin Kano, in kaka ta yi, an shigar da masara da dawa da shinkafa, aljihu ya yi nauyi, to, lokacin wasa ya zo. In ɗan dambe ya yi kisa, masoyansa sukan shiga fili su yi masa kari, makaɗi yana ambaton sunan wanda ya bayar da kuma abin da ya bayar, jama'a na ji. Babu wanda zai kira wannan cin hanci, ko da kuwa kuɗin sun kai na sayen sa. An yi shi ne a gaban kowa, an yi shi bayan an gama aikin, kuma an yi shi ga mutumin da ƙarfin damtsensa nasa ne. Amma a ce tun da hantsi wani ya ja ɗan damben nan bayan rumfa ya danƙa masa rabin waɗancan kuɗi don ya faɗi da gangan, ko ya je wurin mai raba su ya sa masa wani abu a aljihu, to, ko yaro ƙarami ya san sunan wannan. Tambayoyin da ɗan kallo na ƙauye yake yi wa kansa ba su da yawa. A fili aka bayar ko a ɓoye? Kafin aiki ko bayansa? Sa'an nan abin da ake so mai karɓa ya yi, nasa ne na kansa, ko amana ce ta jama'a aka danƙa masa?

Kalmar da ta fi kowace rikitarwa ita ce goro, kuma mutanen wannan yanki sun fi kowa sanin tarihinta. Bebeji tsohon zango ne na fatauci, kuma a can aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, cikin zuriyar Agalawa masu fataucin goro daga Gwanja. Ayarin fatake ba ya ƙetare kogi sai ya biya kuɗin fito, ba ya ratsa ƙasar wani sarki sai madugu ya kai gaisuwa. Wannan gaisuwa kusan haraji ce, kowa ya san da ita, kuma abin da ake saye da ita shi ne lafiyar hanya. Goron da aka sha wahalar ɗaukowa shi ne ya zama abin rabo wurin ɗaurin aure da suna, ya zama goron Salla, ya zama goron gayyata. Amma yau in ma'aikaci ya riƙe wa mutum takarda ya ce a ba shi na goro, ya ari sunan abu mai daraja ne ya lulluɓe abin da shi kansa ya san ba shi da kyau. Haka kuɗin mota da kuɗin mai da na shan ruwa. Aron sunan nan shi ne babbar shaida a kan mai karɓa, domin da bai san laifi ne ba, da ba ya bukatar sakaya shi.

Malaman ƙasar Hausa ma ba su bar wannan al'amari cikin duhu ba. Almajirai sun san labarin Ibnul Lutbiyya, wanda ya zo cikin Buhari da Muslim. An aike shi karɓo zakka, da ya dawo sai ya ware wani kashi ya ce wannan shi aka ba kyauta. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hau mumbari ya yi tir da wannan, ya nuna cewa da mutumin ya zauna a gidan iyayensa da ya ga ko kyautar za ta iske shi. Ma'ana, abin da aka ba kujera ba na mai zama a kanta ba ne. Haka kuma Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya lasafta gaisuwa, da sunanta na Hausa, cikin miyagun al'adun mulkin sarakunan da ya yi jihadi a kansu. A shekarar 1950 ma, da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a Majalisar Wakilai ta Jihar Arewa yana neman a gyara tsarin En'e, cin hanci na cikin manyan cututtukan da ya ambata. Gaskiya ne gaisuwa ba ta mutu ba bayan jihadi, kamar yadda M. G. Smith ya nuna a wata maƙala tasa ta 1964 game da rashawa a siyasar Hausawa. Amma yawan aikata abu daban, halatta shi daban.

Da wannan ma'auni, maganar Salisu Yusuf ba ta da wuyar warwara. Yana iya zama gaskiya ne 'yan wasan sun cancanta, kuma ƙungiyar ta kai wasan ƙarshe a Moroko, inda masu gida suka ci ta 4 da babu. Amma a ɗaki aka ba shi kuɗin, kafin a fid da sunaye, kuma gurbin ɗan wasa a ƙungiyar ƙasa ba gadon gidan mai horarwa ba ne. A watan Satumba na 2018 kwamitin ɗa'a na hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijeriya, wanda Nuhu Ribadu ke shugabanta, ya dakatad da shi shekara guda, ya kuma ci shi tarar dala 5,000. Ba Bature ne ya yanke wannan hukunci ba.

Shari'ar Amos Adamu

Babbar shari'ar da ta shafi ɗan Arewacin Nijeriya a wannan fage ita ce ta Dokta Amos Adamu, mutumin ƙasar Zuru ta Jihar Kebbi. Ya daɗe yana jan ragamar wasanni a Nijeriya, shi ya shugabanci shirya Wasannin Afirka da aka yi a Abuja a 2003, ya kuma kai ga zama ɗaya daga cikin mutum 24 na kwamitin zartaswa na FIFA. A wancan zamani waɗannan mutum 24 su kaɗai ke zaɓen ƙasar da za ta karɓi baƙuncin Gasar Kofin Duniya. Mai karatu ya dubi girman abin: harkar dubban miliyoyin daloli, amma makullinta na hannun mutanen da ba su cika ƙaramar motar haya biyu ba.

A watan Oktoba na 2010 jaridar The Sunday Times ta Ingila ta buga cewa wakilanta sun yi shigar burtu, sun je wa Adamu a matsayin masu kamun ƙafa don Amurka ta sami gasar. An ɗauke shi yana maganar dala 800,000 don gina filayen ƙwallo huɗu masu ciyawar roba a Nijeriya, kuma a biya kuɗin ta hannunsa. Tare da shi aka kama Reynald Temarii na Tahiti, wanda shi kuma makarantar koyon ƙwallo ya yi wa roƙo. A watan Nuwamba FIFA ta dakatad da Adamu shekara 3 da tarar faran 10,000 na Suwizalan, Temarii kuwa shekara 1. Shi ya sa ran 2 ga Disamba mutum 22 ne suka jefa ƙuri'ar da ta ba Rasha gasar 2018, ta ba Ƙatar ta 2022. Adamu ya musanta laifin, ya kai ƙara Kotun Wasanni da ke Lozan, amma a watan Fabrairu na 2012 kotun ta tabbatar da hukuncin, har ta nuna cewa an yi masa sassauci.

Abin da ya sa wannan shari'a ta fi ta Salisu wuya shi ne maganar filayen. Mutum zai iya cewa, to, in wakili ya je taron manya ya samo wa ƙasarsa filin wasa, ina laifinsa? Ashe ba don haka aka tura shi ba? Wannan tunani yana da ƙarfi ƙwarai a ƙasashen da hukumar ƙwallo ba ta da ko ofis na kirki, kuma FIFA ita da kanta ta shayar da shi. Tun da João Havelange na Barazil ya ka da Stanley Rous na Ingila a zaɓen 1974, da taimakon ƙuri'un Afirka, bisa alkawarin ƙarin gurabe da kuɗin raya wasa, siyasar FIFA ta zama ta ba ni gishiri in ba ka manda. Sepp Blatter ya ɗora a kai da shirin Goal a 1999, wanda ya gina ofisoshi da filaye a ƙasashe matalauta. In shugaba ya gina fili don a sake zaɓensa, sunan abin raya ƙasa. In wakili ya nemi fili don ya yi zaɓe, sunansa rashawa. Tazarar da ke tsakanin biyun ba ta kai yadda mutanen Zurik suke so a ɗauka ba. Duk da haka akwai ta, kuma kalma guda ce ta fito da ita, watau cewa a biya ta hannunsa. Gudummawar gari a gaban dagaci da liman ake ajiye ta.

Wata shida bayan wannan aka sake kwatawa a wani gefen duniya. A watan Mayu na 2011 Mohamed bin Hammam na Ƙatar, wanda ke takarar shugabancin FIFA da Blatter, ya gana da wakilan ƙasashen Karibiyan a birnin Port of Spain na Tirinidad. Bayan taro aka riƙa kiran wakilai ɗaki ana ba kowa ambulan mai dala 40,000. Jack Warner, uban tafiyar ƙwallon yankin, ya ce musu kyauta ce. Amma wakilin Bahamas ya ɗauki hoton kuɗin ya mayar da su, kuma shi ma ɗan wannan al'ada ne da ake cewa ba ta san bambanci ba. Dokar ɗa'a ta FIFA ta lokacin ta yarda jami'i ya karɓi kyautar da ba ta wuce abin da aka saba da shi a al'adar wuri ba, amma ta hana karɓar tsabar kuɗi ko nawa ne.

Al'adar Su Turawan

Laifi tudu ne. A shekarar 2001 wani kamfanin Suwizalan mai suna ISL, wanda ke sayen izinin nuna Gasar Kofin Duniya a talabijin, ya karye. Da masu bincike suka buɗe littattafansa sai suka tarar ya shekara da shekaru yana biyan manyan wasanni kuɗi a ɓoye. Takardar mai gabatar da ƙara, wadda aka saki a watan Yuli na 2012, ta nuna Havelange ya karɓi aƙalla faran miliyan 1.5 a 1997, surukinsa Ricardo Teixeira kuwa fiye da faran miliyan 12. Ba a ɗaure kowa don ya ba da waɗannan kuɗi ba, saboda a wancan lokaci dokar Suwizalan ba ta ɗauki ba jami'in ƙungiya mai zaman kanta rashawa a matsayin laifi ba. Sunan abin a littafin kamfani shi ne kamasho. Blatter da bakinsa ya ce a zamanin har ana iya cire irin waɗannan kuɗi daga haraji a matsayin ɗawainiyar kasuwanci. A Jamus ma haka abin yake game da rashawar da aka bayar a ƙasashen waje, har zuwa 1999. Sai a 2016 Suwizalan ta ba hukuma ikon gurfanar da masu irin wannan laifi ba tare da jiran wani ya kawo ƙara ba.

Abin mamaki, a cikin wannan takarda an ga lauyan FIFA yana kafa hujja da cewa zai yi wuya a karɓo kuɗin, wai don a Kudancin Amurka da Afirka yawancin mutane sun ɗauki rashawa wani ɓangare ne na abin da suke samu a kai a kai. Kamfanin da ya bayar na Turai ne, bankunan da aka bi na Turai ne, dokar da ta kau da kai ta Turai ce, amma al'adar da aka ɗora wa laifi ta wasu ce.

Misalan wannan suna da yawa, ba sai an tsawaita ba. Ingila, wadda jaridunta suka fi na kowa tsananta wa FIFA, masu neman mata gasar 2018 sun raba wa matan 'yan kwamitin zartaswa jakunkunan hannu na kamfanin Mulberry a 2009. A 2014 hukumar ƙwallon Barazil ta raba agoguna 65 na Parmigiani, kowane ɗaya ya kai faran 25,000, kuma shugaban hukumar ƙwallon Ingila, Greg Dyke, yana cikin waɗanda aka ba. Sai da kwamitin ɗa'a ya ce a dawo da su. Chuck Blazer, Ba'amurken da ya kai ƙarar ambulan ɗin Tirinidad, shi da kansa ya amsa laifin cin rashawa a gaban kotun Amurka a 2013. A 2011 FIFA ta biya Michel Platini na Faransa faran miliyan 2, shi da Blatter suka ce ladan wani aiki ne da ya yi shekaru tara da suka wuce, bisa yarjejeniyar baka tsakanin dattawa biyu, ba takarda. FIFA ta kore su a ƙarshen 2015, amma kotun Suwizalan ta wanke su a 2022, ta sake wanke su a 2025. Da dillalan shanu biyu ne a kasuwar ƙauye suka kawo irin wannan bayani, da an ce rashin ilimin zamani ne.

Inda Bambancin Yake

To, in haka ne, ba a sami wani bambanci ba ke nan tsakanin al'ummomi? Akwai, amma ba a inda aka saba nunawa ba. Na farko yana ga siffar abin. Inda harka take ta hannu da hannu, rashawa takan zo a ambulan, kuma ambulan yana da sauƙin ɗauka a hoto. Inda harka take ta banki da lauya, takan zo da sunan kuɗin ba da shawara, ko kwangila, ko kujerar darakta, ko gurbin karatu ga ɗa, kuma sai an shekara goma ana bin takardu kafin a gane ta. Shi ya sa mai karɓa ya fi mai bayarwa saurin faɗawa rami. Da asirin birnin Salt Lake na Amurka ya tonu a ƙarshen 1998, cewa an yi ta biya wa 'yan Kwamitin Olimfik kuɗin makarantar 'ya'ya da na asibiti don a sami wasannin hunturu na 2002, mutum 10 ne suka rasa kujerunsu, 6 daga cikinsu 'yan Afirka, daga Sudan da Kwango da Mali da Libiya da Kenya da Suwazilan. Amurkawa biyu da suka jagoranci neman, Tom Welch da Dave Johnson, an kai su kotu, amma alƙali ya sallame su a 2003. Wanda ya kalli wannan daga Bamako ko Kano ba za a zarge shi ba in ya ce shari'ar tana da ido.

Na biyu, kuma shi ne mai zurfi, yana ga nauyin da ke kan mai muƙami. Bature in ya sami kujera, galibi iyalinsa na cikin gida kawai yake ɗauke da su. Bahaushe kuwa, ko Bayarabe, ko mutumin Sanagal, ranar da aka naɗa shi ranar ce zaurensa zai cika. Ga mai neman kuɗin magani, ga mai aurar da 'ya, ga kulob ɗin unguwa da ke son riguna da ƙwallo, ga masallacin gari da rufinsa ke yoyo. In ya ce albashinsa bai kai ba, ba za a ce mai gaskiya ne ba, za a ce marowaci ne, ko an ce ya manta asalinsa. Jama'a ba su ce ya ci hanci ba, amma sun ɗora masa kayan da albashi ba ya ɗauka, sa'an nan ba su cika tambayar inda ya samo ba. A nan ne al'ada take da hannu a cikin lamarin, kuma hannun ba ƙarami ba ne. Wanda ya ci ya raba, hukuncinsa a bakin mutane ya fi sauƙi bisa ga wanda ya ci shi kaɗai, har wani lokaci ya fi na wanda bai ci ba bai kuma bayar ba.

Labarin Lamine Diack na Sanagal ya nuna wannan ƙarara. Shi ne ya shugabanci hukumar wasannin guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya daga 1999 zuwa 2015, baƙar fata na farko da ya hau wannan kujera. A watan Satumba na 2020 wata kotu a Faris ta same shi da laifin karɓar kuɗi don a ɓoye sakamakon gwajin 'yan wasan Rasha masu shan ƙwayoyin ƙara kuzari, ta yanke masa ɗaurin shekara 4, biyu daga ciki na jeka-ka-gyara-halinka, da tarar yuro 500,000. Wannan toshiyar baki ce a ainihin ma'anarta ta Hausa, domin shiru aka saya, kuma waɗanda aka cuta su ne 'yan tseren da suka yi gudu da ƙarfin jikinsu aka wuce su, cikinsu har da 'yan Afirka. Diack ya ɗaukaka ƙara. Tun 2015 aka hana shi barin Faransa, kuma saboda wata shari'ar ta dabam aka ce ba zai tafi gida ba sai an ajiye belin yuro 500,000. Ba gwamnati ce ta biya ba. Kulob ɗin ƙwallon ƙafa na Jaraaf da ke Dakar, wanda ya taɓa shugabanta, shi ya tara kuɗin ya ajiye, don kada dattijonsu ya mutu a baƙon wuri. Ya sauka Dakar a watan Mayu na 2021, ya rasu a gidansa ran 3 ga Disamba na wannan shekara, yana da shekara 88.